Mangwaron Azumi ta Maruta

A gidanmu na Fagam ba a ba da tatsuniya kyauta. Kakarmu, wadda duk gidan ke kira Iya, ba ta buɗe baki sai ta ga kowane jika da ƙwaryar gyaɗa a gabansa. Lokacin kaka, da an idar da sallar isha'i, sai ta sa a jawo kututture tsakar gida, a haɗa da karan dawa a hura wuta, ta zauna a 'yar kujerarta ta miƙa ƙafar da ke damunta wajen ɗumi. Mu kuwa mu kewaye ta, muna ɓara tana ba da labari. In hannun ɗaya daga cikinmu ya tsaya, ita ma bakinta ya tsaya, ta shiga gyaran wuta kamar ba ita ce ta bar kura a bakin rami ba. Sai sauran yara su yi ta zungurin mai laifi har ya ci gaba. Da wannan dabara take ɓare gyaɗar gona biyu duk shekara ba tare da ta taɓa ko ƙwaya ɗaya ba.

Ni ne babba a jikokinta maza, saboda haka "maigida" take ce mini, irin wasan nan na kaka da jika. Takan ce ta yi rashin sa'ar miji, ga ƙaton kai ga gardama, cefane kuwa ko na gishiri babu. A kan gardama dai gaskiyarta. Tun ina ƙarami ba na iya jin magana in bar ta ta wuce, sai na juya ta na nemo inda aka yi kuskure. Malaminmu na allo ya sha gaya wa mahaifina cewa yaron nan in bai zama alƙali ba zai zama dillali. Duk bai canka ba. Ga ni yau shekara ashirin da 'yan kai ina binciken itatuwa masu 'ya'ya, manoma na ce mini likitan mangwaro.

Iya tana da nata salon buɗe tatsuniya, ba irin na sauran tsofaffin unguwa ba. Sai ta yi gyaran murya ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu haɗa baki mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma." Tatsuniyoyinta da yawa sun bi ruwa a kaina, amma akwai guda da ba ta barni ba, saboda a kanta muka fi yin faɗa da ita.

Wai an yi wata shekara ta yunwa, rumbuna suka ƙare ƙaf tun kafin ruwa ya sauka. Akwai wata mata mai 'ya'ya biyu, Hanzari da Na-Baya. Ta ce su shiga duniya su nemo abin da za a sa a baka. Hanzari mai wayo ne, sai ya cika jaka da toka, yana tafe yana barbaɗawa don kada hanya ta ɓace masa. Na-Baya kuwa bai ɗauki komai ba sai sandarsa. Suka iske wani makaho yana tufkar igiya a gindin tsamiya, Hanzari ya wuce fuu, Na-Baya ya tsugunna ya gaishe shi, ya tambayi sunansa, har ya riƙe masa bakin igiyar. Suka iske wata mata tana jan ruwa a rijiya, Na-Baya ya tsaya ya tambayi lafiyar yaranta. Suka iske Bafulatani da shanunsa, nan ma aka yi ta ina gajiya ina gida. Hanzari yana can gaba yana ta masifa, wai mutane na mutuwa da yunwa wannan sakarai yana rabon gaisuwa.

A nan Iya takan kwaikwayi muryar Hanzari, ta ƙanƙance ido ta turo baki, mu yi ta dariya har gyaɗa ta zube.

Kwana uku suna tafiya suka kai ga wata kanya a bayan bukkar wata tsohuwa, ta yi 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa. Hanzari ya haye ya cika jakarsa ya juya, ya bi tokarsa ya isa gida tun kafin ƙaninsa ya gama yi wa tsohuwar ban kwana. Gari ya ɗauka, aka ce gobe kowa ya fito da buhu Hanzari zai kai mutane. A daren nan ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye babu toka babu alamarta. Hanzari ya ja mutane suka yi ta zagaye a daji har ƙafafu suka kumbura, yara na kuka, tsofaffi na zubewa. Sai ga Na-Baya ya iso da 'yar sandarsa, ya ce a biyo shi. Shi ma bai san hanya ba, amma ya san makaho. Makaho ya nuna musu hanyar rijiya, mai rijiya ta nuna musu ruga, Bafulatani ya raka su har gindin kanya, tsohuwa ta fito ta ce, "Ɗana ne ya dawo? Ku ci, ku ɗiba." Akwai 'yar waƙa da Iya ke rerawa a wurin, muna amsawa:

Toka ta bi ruwa,
Mai rijiya na nan.

Daga nan sai ta tafa hannu ta ce baƙuwa ta naɗe tabarma, wanda bai gama ɓararsa ba gobe a waje zai tsaya.

Ni dai ban taɓa yarda da hukuncin tatsuniyar nan ba. A ganina Hanzari ne ya yi aiki da hankali, kuskurensa ɗaya ne, toka. Na ce wa Iya da duwatsu ya jera, ai ruwa ba ya ɗaukar dutse.

"Yara su kwashe su yi 'yar carafke da su fa, maigida?"

"To ya kafa ƙarfe."

"Maƙeri ya tsinta ya yi lauje."

"To ya sassaƙa alama a jikin itatuwa."

Ta dube ni ta girgiza kai, ta ce da sauran yaran, "Ku ji mini mijin nan. Zai yi magana da dutse, zai yi da ƙarfe, zai yi da itace, mutum ne dai ba zai buɗe baki ya gaisar ba. Kai da Hanzari uwa ɗaya uba ɗaya."

Na yi fushi a daren har na ƙi cin gyaɗar da ta gasa mana a toka. Washegari na ci ta da sanyinta.

Na yi sakandare a Birnin Kudu, daga nan na wuce jami'a na karanta aikin gona. Ina shekara ta biyu Iya ta rasu, Allah ya jiƙanta, ban samu jana'iza ba sai zaman makoki. Bayan na gama na kama aiki a wata cibiyar bincike, na ƙaro karatu har aka fara ce mini Dokta. Na yi aiki a kan lemo da gwaiba da kashu, amma zuciyata tana ga mangwaro. Aikina mafi yawa shi ne aure, wato a ɗauki tsiron mangwaron gida mai ƙarfin saiwa, a yanka kansa, a ɗaura masa reshen wani mai zaƙi da tsoka. Na ƙasa shi ake kira gindi. Mai saye a kasuwa ba ruwansa da gindi, zaƙi yake nema, amma in gindin ya gaza duk zaƙin ya tafi tare da shi.

Ana nan sai wata cuta ta shigo lambunan yankinmu, daga Gwaram har gaɓar kogin Birnin Kudu. Za ka ga reshe guda ganyensa ya bushe yana rataye bai zuba ba, wani baƙin danko na tsiyaya daga ɓawo, in ka kankare ka iske 'yan ƙananan ramuka na ƙwaron da ke yaɗa ta. Kafin wata shida itacen da kakan mutum ya dasa ya zama makamashi. Wanda bai san yankin ba zai ce ai mangwaro ne kawai. Amma a bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma damina ba ta zo ba, gidaje da yawa da mangwaro suke rufa wa kansu asiri. Na ga dattijo a Unguwar Ya yana tsaye gaban itatuwansa tara da suka bushe, ya kasa ce mini komai sai "To, Dokta." Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Feshi bai yi ba, yanke rassa bai yi ba. Abin da ya rage shi ne a nemo mangwaron gida wanda cutar ba ta iya kashewa, a mai da shi gindi. Irin namu na gida yana da wata baiwa, ƙwallonsa yakan fito da 'ya'ya masu halin uwarsu sak. Don haka wata bazara na shiga ƙauyuka ina tattara ƙwallo daga tsofaffin itatuwa, gida talatin, don in shuka su in dasa kusa da masu cutar in ga wa zai tsaya.

Wanda ke raka ni shi ne Baba Sale, mai kula da wurin renonmu da ke bakin kogi. Dattijo ne siriri mai furfura, bai yi boko ba, amma hannunsa in ya ɗaura aure da wuya ya ƙi kamawa. Matsalata da shi ɗaya ce, ba ya shiga gida ya fito da wuri. Ni da na tsaya da mota na yi sallama, na nuna takarda, na tsinci ƙwallo na zuba a jaka na rubuta lamba, na gama. Baba Sale kuwa yana zaure, an kawo masa ruwa, ana ta wa ya dasa itacen nan, a wace shekara, ina ya samo iri. Ni ina cikin mota ina danna masa ham, rana na yi, ga sauran gidaje.

Da muka shuka ƙwallayen a leda, kowane gida shida, na sa aka kafa wa kowane rukuni ɗan allon kwano mai lamba, na shigar da lambobin a kwamfuta. Wata safiya na ji Baba Sale yana ce wa masu ban ruwa su ƙara wa na gidan Liman ruwa, su janye na Mai Goro daga rana. Raina ya ɓaci. Na kira shi a gaban mutane na ce, "Baba Sale, nan wurin bincike ne, ba zaure ba. Lamba muke kira a nan. Kada in ƙara jin na gidan wane."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Dokta. An daina."

Daminar shekarar kogi ya yi ambaliya. Ina can wani taro a birni aka bugo mini waya. Kafin in iso, Baba Sale da mutanen unguwarsu sun kwashe ledojin a baro sun haye da su tudu, ba a rasa ko ɗaya ba. Amma allunan lamba ruwa ya tumɓuke su, na tsinci uku a cikin laka can ƙasan fadama. Lambobi na nan lafiya a kwamfuta, itatuwa na nan lafiya a tudu, sai dai babu abin da ya haɗa wannan da wancan. Maimakon in gode wa mutanen da suka shiga ruwa har ƙugu, sai na hau faɗa, me ya sa ba a fara ceton allunan ba. Baba Sale ya buɗe baki zai yi magana na ɗaga masa hannu. Na ce ya dasa su yadda ya ga dama, aikin ya riga ya lalace.

Shekara huɗu itatuwan suna girma kusa da masu cuta, kuma cutar ta yi abin da aka kawo ta ta yi. Suka riƙa bushewa ɗaya bayan ɗaya, har fili ya zama kamar an yi gobara. Sai guda shida a gefen gabas, a jere, kore shar, ƙwaron ya huda su amma raunin ya warke ya rufe. Ranar da na tabbatar da haka ban san ko in yi murna ko in yi kuka ba. Ga abin da nake nema, amma yara ne, ba za su ba da ƙwallon kirki ba sai bayan wasu shekaru, kuma ko sun fara, nawa shida za su bayar? Uwarsu ce ke da ƙwallo buhu-buhu a yanzu, tana can a ɗaya daga cikin gida talatin, ban san wanne ba. Ga shi kuwa mutane sun shiga sare tsofaffin mangwaro suna sayar wa masu katako tun da ransu, gudun kada cuta ta riga su. Kullum in na ga mota ɗauke da gungume a hanyar Gwaram sai in ce wataƙila ita ce.

Na yi duk abin da boko ya koya mini. Ganin shidan a wuri ɗaya suke, na ce ko ƙasar wurin ce, na haƙa na kai awo, ba a ga bambanci ba. Na auna tsawon ganye da faɗinsa na kwatanta da hotunan da na ɗauka, ganyen mangwaro kuwa duk kusan kamarsu ɗaya. Na rubuta takardar neman a kai ganyen wani babban ɗakin gwaji a ƙasar waje, aka ce in jira. Wata biyar ina wannan, na rame, matata ta ce ko a barci lambobi nake kira.

Wata safiya a ƙarshen bazara na je filin da wuri, na zauna a bayan tankin ruwa don ba na son magana da kowa. Sai ga Baba Sale da bokitinsa, bai gan ni ba. Ya tsaya gaban itatuwan nan shida yana zuba musu ruwa, yana magana ƙasa-ƙasa yadda ake yi wa jikoki.

"'Ya'yan Azumi, kun kwana lafiya? Ku kaɗai kuka rage, sai ku yi ta haƙuri."

Na miƙe har na yi tuntuɓe da tiyo. Na ce, "Baba Sale, 'ya'yan wa ka ce?"

Ya firgita ya ajiye bokiti. "Yi haƙuri, Dokta, bakina ne ya suɓuce."

"Ba faɗa zan yi ba. Don Allah maimaita."

"Na gidan Azumi ne, ta Maruta. Mai itacen nan na bayan gida kusa da rijiya, wanda mijinta ya zo da ƙwallonsa daga wajen fatauci."

"Ka tabbata? Bayan ambaliyar nan?"

"Ai gida-gida muka kwashe su, Dokta. Baro ɗaya gida ɗaya, na hana a haɗa. Da ka ce in dasa yadda na ga dama, sai na dasa kowa da 'yan'uwansa. Nan Liman ne, Allah ya jiƙan nasa, can Mai Goro, can kuma na Sarkin Ruwa."

Ya bi layin busassun kututture yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya har talatin, bai yi tuntuɓe ba. Na ce, "Shekara huɗu, Baba, me ya hana ka gaya mini?"

Ya sassauta murya, ba ya son ya kunyata ni. Sannan ya ce, "Ba ka tambaya ba, Dokta. Kuma ka ce a nan lamba ake kira. Ni ban san lambarsu ba."

Na buɗe kwamfuta a mota. Gida uku na ɗebo a Maruta, a gaban ɗaya na rubuta "bayan gida, kusa da rijiya". Ko sunan mai itacen ban rubuta ba. A nan muryar Iya ta faɗo mini, da turo bakinta da komai, kuma a karo na farko ban sami abin da zan mayar mata ba.

Ba mu tsaya karin kumallo ba muka kama hanya. Daga Birnin Kudu zuwa Maruta ba wata tafiya ba ce, amma ranar ta yi mini tsawo. Muka wuce lambuna biyu da aka share, sai kututture da ɗanyen garin katako. Baba Sale yana jan carbi, ni ina tuƙi. Da muka shiga garin ban gane lungun ba, shi ya riƙa cewa yi dama, yi hagu, yana ɗaga wa mutane hannu suna kiran sunansa.

Muna karya kwanar ƙarshe na hango ta ta saman katanga, ƙatuwa, baƙi-ƙirin don kore, 'ya'yan ƙarshen shekara jifa-jifa a rassan sama. Na kashe mota na kifa kai a sitiyari na yi ajiyar zuciya, na yi ta hamdala. Da muka zagaya baya sai na ga an shafa mata jan fenti a gindi, alamar masu katako. Itatuwa biyu na maƙwabta da ke gefenta duk sun bushe.

Ɗan gidan, wani magidanci mai suna Haruna, ya fito ya tarbe mu. Ya ce tun lokacin sanyi ya gama magana da masu inji, don yana ganin yau ko gobe cutar za ta kama ta a yi biyu babu. Sun zo har sau biyu da injinsu, tsohuwarsa ta fito ta zauna a gindin itacen ta ce ba a sare itace da ciki, sai ta sauke 'ya'yanta tukuna. Ya ce, "Jibi ne za su dawo, tunda mangwaron ya kusa ƙarewa."

Aka yi mana iso muka shiga. Inna Azumi tsohuwa ce 'yar ƙarama, tana zaune a tabarma tana tsinke zogale. Ta ga Baba Sale ta washe baki, "A'a, Malam Sale, kai ne a gari? Ina mai ciwon ƙafar nan taka, ta samu sauƙi?" Ashe har ciwon matarsa ta sani. Suka gaisa suka sake gaisawa. Sannan ta juyo ta ƙare mini kallo.

"Wannan ba shi ne mai motar nan ba? Wanda ya ɗebi ƙwallo, na aika masa da ruwa ya ce sauri yake yi?"

Na tsugunna har ƙasa na ce, "Ni ne, Inna. Na zo neman gafara, na kuma zo roƙo."

Na yi mata bayani yadda zan iya, cewa cikin gida talatin 'ya'yan itacenta ne kaɗai suka tsaya, kuma in aka bar ta da rai, da ƙwallonta za a tayar da lambunan da suka mutu. Ta saurara tana ci gaba da tsinkar zogalenta. Da na gama ta ce, "Ni ban san wannan ba. Na dai san maigidana ne ya dasa ta shekarar da na haifi Haruna, kuma ba ta taɓa hana mu ba." Ta ɗaga murya ta kira ɗanta. "Haruna, ka ji abin da baƙo ya ce. Je ka gaya wa masu injin nan su nemi wani."

Haruna ya tafi ya warware maganar da kansa, ya dawo da soso ya goge fentin. Mu kuma muka tara yaran unguwa suka kakkaɓo abin da ya rage, kowa ya sha ya kawo ƙwallo, don ƙwallon mangwaro ba ya jiran kwanaki. Ban bar halina na gardama ba, sai da na shuka su na sake gwada su da cutar shekara biyu kafin in yarda da bakina. Suka tsaya kamar 'yan'uwansu shida. Yanzu duk bazara motarmu na zuwa Maruta, kuma dashen da muke raba wa manoma daga Fagam har Unguwar Ya, ko wane irin zaƙi ne a sama, gindinsa daga bayan gidan nan ya fito. A takardun cibiya an ba shi lamba, don haka tsarin yake, amma na sa an rubuta sunanta a gaba, manoma kuwa ba su san shi da wani suna ba sai Ɗan Azumi.

Na daɗe ina juya tatsuniyar Iya tun daga ranar. Ina yaro na ɗauka magana ce a kan wace alama ta fi ƙarko, shi ya sa na yi ta kawo mata dutse da ƙarfe. Da na girma na ɗauka wa'azi ne na ladabi, a gaida manya don a samu albarka. Sai da na yi furfura na gane cewa dabarar aiki take koya mana, irin wadda ba a ba ni a jami'a ba. Abin da mutum ya sani game da itacensa ba ya cikin ƙwallon da ka tsinta, yana bakinsa, kuma ba zai ba ka ba kana cikin mota. Har yanzu ina kafa alluna ina rubuta lamba, aikin ba ya yiwuwa sai da su. Amma ɗaliban da ake turo mini, kafin in ba su wuƙar aure, sai na tura su ƙauye tare da Baba Sale, in ce kada su dawo sai sun san wa ya dasa. Abin da ke ba ni tsoro, in na tuna, shi ne yadda aka kusa. Da mangwaron ya riga nuna da mako guda, da ilimina da kwamfutata sai dai mu tsaya a kan kututture.

A ranar nan ta farko, da muka gama ɗaure buhunan ƙwallo, rana ta take, na miƙe ina kakkaɓe riga ina duba agogo, don ina so a shuka su kafin yamma. Sai ga wata jikar Inna Azumi ta fito da kwanon sha cike da ruwan randa, ta durƙusa ta miƙo mini. Tsohuwar tana daga tabarma tana kallona. Na koma na zauna, na cire takalmi, na karɓa na shanye tas. Ta ce a ƙaro mini. Ba mu bar gidan ba sai bayan la'asar.